Ƙyallen Gwaji

Duk telan da ke tsakanin Sabon Tasha da Makera ya san Sylvanus, ko da bai san sunansa na yanka ba. Injiniya suke ce masa. Tun da aka rufe masaƙar da ya yi wa aiki a Kakuri ya ɗaure jakar kayan aiki a bayan tsohon babur ɗinsa, ya koma gyaran keken ɗinki, shago shago. Mutum ne mai taurin kai na bugawa a jarida, kuma abin haushin shi ne yawanci shi ke da gaskiya. In ya ce allurarka ce ta lanƙwashe, to kar ma ka ɓata bakinka, ita ce.

Yana da ƙa'ida guda da ba ya karyawa ko waye ke jira. In ya gama gyara, ba ya yarda a sa yadin mutane ƙarƙashin allura sai ya fara gwadawa a ƙyalle. Zai duƙa ya tsinto wani guntun da aka yar a ƙasa, ya ninka shi, ya taka keke, ya juya ɗinkin ya duba sama da ƙasa, ya ja ya ji ƙarfinsa. Sai ƙyalle ya ba da shaida sannan yadi zai shiga. Tela na masifa, mai kaya na tsaye a ƙofa, gobe Sallah ko Kirsimeti, shi ko a jikinsa.

Matarsa Edith ce ta fara cewa idonsa ba lafiya. Ita ba likita ba ce, kunu da awara take sayarwa a bakin layinsu a Unguwar Boro, amma ita ke kwashe fasassun kofuna. Ita ke ganin yana buga kafaɗa a ƙofar ɗakin da ya shekara da shekaru yana shiga. Za ta miƙo masa ruwa ta gefen dama, hannunta ya yi ta rataye a iska har ya gaji, shi yana can yana kallon gabansa.

“Baban Hadassah,” haka take kiransa, da sunan 'yarsu ta fari da ke aure a Kafanchan, “ka je a duba maka idon nan.”

Sai ya zaro allura daga bakin aljihu, mafi ƙanƙanta a cikinsu, ya lashi zare, ya zura shi tashi ɗaya. Ya ɗaga mata allurar tana lilo.

“Makaho ne ya yi wannan?”

To me za ta ce? Ta koma kan kununta.

Wani ɗan ƙwaro ne ya tona asirin. Sylvanus na kan babur da rana tsaka, zai je Kudenda duba kekunan ɗinkin buhu na wani kamfani, sai ƙwaron ya faɗa masa a idon hagu. Ya gangara gefen titi, ya sa tafin hannu ya dafe idon. Sai rana ta faɗi. Ba titi, ba tirela, ba masu sayar da rake, baƙi ƙirin. Ya ɗauke hannu, duniya ta dawo. Ya sake dafewa, ta sake tafiya. Ya yi haka ya fi a ƙirga, yana zaune a kan babur, injin na kunne.

Ka ce zai firgita? Ko kaɗan. Ya lalubi tsoro a cikin ransa bai samu ba, bai samu komai ba ma. Ya fitar da ƙwaron da gefen riga, ya je Kudenda ya yi aikinsa, ya gwada a guntun buhu, ya dawo gida. Sai da ya cinye faten accan da aka aje masa, ya wanke hannu, sannan ya ce wa Edith, da muryar da yake gaya wa tela bel ɗinsa ya tsinke:

“Na daman nan ba ya aiki.”

“Yesu!” Ta dafe ƙirji. “Tun yaushe?”

“Ina zan sani? Bai yi mini sallama ba.”

Washegari ya je Makera wajen Malam Isiyaku, tsohon tela mai ɗinkin manyan riguna da na mata duka, wanda suka saba tun zamanin masaƙa. Ba a banza ya zaɓe shi ba. A bara Malam Isiyaku ya kusa ajiye almakashi saboda yanar ido ta rufe masa gani, aka kai shi asibiti, ya dawo yana ganin tururuwa a bango. Tun daga nan ba shi da hira sai ta asibitin ido.

“Haba Injiniya, wannan ne ya sa ka yi zuru?” in ji shi. “Yana ce. Wanki kawai za a yi maka. Ka shiga da safe, washegari a ɓare filasta, wallahi sai ka ga duniya fes kamar an goge gilashi. Ni da na buɗe ido na ga Hajiyata, sai da na ce ashe haka kika tsufa ban sani ba!”

Kalmar nan ta wanki, Allah kaɗai ya san mutum nawa ta cuta. A bakin mutanenmu duk abin da aka yi wa ido a asibiti wanki ne, ko yanka ne, ko ɗinki ne, ko haske aka haska. Kuma kowa ya san abin da aka wanke fita yake yi tas. Da wannan kalma a aljihu Sylvanus ya hau napep shi da Edith, suka ƙetare gada, suka karɓi kati, suka bi layi. Wanki ya je a yi masa, kamar yadda ake kai riga.

Aka ɗiga masa magani, aka sa ya kafa haɓa a kan wani ƙarfe, aka ce duk sanda ya ga ɗigon haske ya danna maɓalli. Ya zauna yana jiran haske, hasken bai cika zuwa ba, har ya soma zargin na'urar ce ke son gyara. Daga nan aka shigar da su wajen likita. Sunanta Irene, ba za ta girmi Hadassah da yawa ba, Hausarta irin ta 'yan Kaduna, Turanci na leƙowa tana mayar da shi. Ta haska idon, ta duba takardar gwajin, ta juyo da kujerarta ta fuskance shi sosai.

“Baba, ba yana ba ce. Abin da mutane ke ce wa hawan jinin ido ne, mu muna ce masa gilakoma. Amma ba jini ba ne, ruwa ne. Ido na yin ruwansa a ciki, kuma yana da 'yar magudana da ruwan ke fita. Taka ta toshe. Ruwan ya taru yana danne jijiyar gani, tana mutuwa a hankali, daga gefe gefe zuwa tsakiya. Ba zafi, ba ja. Shi ya sa ba ka sani ba.”

Wannan ya shige shi. Toshewa ai sana'arsa ce.

“To a buɗe ta mana.”

“Shi za mu yi. Akwai maganin ɗigawa, kullum, ba fashi, har iya rayuwa. Akwai leza, wani haske ne, kana zaune a kujera kamar yanzu, ba yanka ba jini, ya buɗa magudanar ruwan ya riƙa wucewa. Akwai kuma tiyata, mu yi wa ruwan sabuwar ƙofa 'yar ƙarama a ƙarƙashin fatar ido. Yadda naka ya yi nisa, ba na so mu dogara da ɗigo kaɗai. Ina so mu yi leza a na hagu cikin watan nan. In bai isa ba, sai tiyata.”

“Na dama,” ya gyara mata.

“Na hagu, Baba.”

Ya ɗauka irin rikicewar nan ce ta wanda ke fuskantarka, hagunsa damanka. Ya ɗaga yatsa ya taɓa idon.

“Wannan. Wannan ne ya lalace. Wancan lafiyarsa lau, da shi nake zura zare.”

“Na sani,” ta ce. “Na dama ya riga ya tafi. Jijiyarsa ta mutu, ba abin da zai tashe ta. Na hagun ma an cinye masa gefe, tsakiyar ce ta rage, shi ya sa kake zura zare amma kake buge ƙofa. Wanda ya rage ɗin nake so mu tsare.”

Edith ta fara kuka ƙasa ƙasa cikin gefen zani. Sylvanus yana jin kukan kamar daga gidan maƙwabta. Ya tsaya yana kallon maɓallin farar rigar likitar, na biyu daga sama, ya lura da baƙin zare aka ɗinke shi.

“In kin yi lezan,” ya ce, “zan gani fiye da yanzu?”

“A'a.”

“Tiyatar fa?”

“Ita ma a'a. In komai ya tafi daidai, za ka ci gaba da gani kamar yadda kake gani yau.”

“In bai tafi daidai ba?”

Ba ta ɓoye masa ba. Ta ce leza hatsarinsa kaɗan ne ƙwarai, sai dai wani lokacin ba ya kamawa, ko ya kama ya sake daga baya. Tiyata ta fi ƙarfi, hatsarinta ma ya fi. Amma barin idon haka, ta ce, wannan ba hatsari ba ne, tabbas ne.

Ya juya maganar a ransa. Wato a taɓa maka ido ɗaya tilo da kake da shi, in an ci nasara ka tashi yadda ka kwanta. Wane irin gyara ne wannan? Tela ya ba ka keke, ka kwance, ka ɗaure, ka ce masa ga shi nan yadda yake, ka gode mini? Can sai fuskarsa ta saki, don ya samo mafita, mai sauƙi kuma, har yana mamakin yadda ita mai ilimin ba ta hango ta ba.

“Likita, ga yadda za a yi. Ki fara gwadawa a na dama. Ai ya riga ya lalace, ko an ɓata ba a yi asara ba. Ki yi masa lezan, ki yi masa tiyatar ma in kina so. In na ga ya ɗan buɗe ko yaya, to wallahi da ƙafata zan kawo miki na hagu.”

Ta yi murmushi, ta ɗauka raha ce. Da ta ga ba raha a fuskarsa, murmushin ya koma.

“Baba, ko aikin da ya fi kowane kyau a duniya na yi wa na dama, ba zai ga komai ba.”

“To ta yaya zan san aikin naki na da kyau?”

“Za mu auna, mu ga nauyin ruwan ya sauka.”

“Ke za ki gani. Ni fa?”

Gaskiya ce da ita, amma gaskiyar ba ta da ƙyallen da za a juya a duba sama da ƙasa. Ta yi masa bayani ta nan, ta yi ta can, ta zana masa ido a takarda, ta roƙe shi da girman Allah. Ya saurare ta da ladabi har ta gama. Ya karɓi maganin ɗigawa don kar ta ji ba daɗi, ya ce zai yi shawara, ya miƙe. Wajen fita ya bugi kafaɗa a ƙofa.

A napep Edith ta ce, “Baban Hadassah, ka bari a yi.”

“Ban taɓa sa yadin mutum a keken da ban gwada ba,” ya ce. “Sai idona?”

Da ya kai wa Malam Isiyaku labari, shi ma ya riƙe baki. “Ikon Allah! A bar mara lafiya a kama mai lafiya? Anya yarinyar nan ta san aiki? Ni wanda ya rufe shi aka wanke mini.” Da zuciya ɗaya ya faɗa, bawan Allah, bai san ya ƙara wa ƙofa sakata ba.

Maganin kuwa ya ɗiga shi da farko. Yana da zafi, yana sa ido ja, kuma safe da yamma Edith na tsaye a kansa da 'yar kwalba. Kullum in ya ɗiga sai ya dafe na hagu ya duba ko na dama ya motsa. Shiru. Ya saki ya duba ko na hagu ya ƙara haske. Yana nan yadda yake. Da kwalba ta biyu ta ƙare sai ya ce a bar shi haka, an gwada an gani. Edith ta yi faɗa, ta yi kuka, ta kira Hadassah a waya, ta kai ƙara wajen Fasto. Fasto ya zo ya yi addu'a ya ce a bi maganar likita. Sylvanus ya ce amin, ya raka shi har bakin layi, ya dawo ya yi biris.

Ba wai ba ya tunanin makanta ba ne. Yana yi, amma kamar yadda mutum ke tunanin mutuwa, abu ne na gaskiya da zai sami wani. In ya zauna shi kaɗai yakan jira baƙin ciki ya zo, don ya san ya kamata ya zo, sai ya ji wayam. Yunwa yake ji, da gajiya, da fitsari. Shi ke nan.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Abin bai taɓa zuwa masa rana ɗaya ba, balle ya ce yau ce. Ya dai lura mutane sun koyi ɓullowa a gabansa kamar daga ƙasa. Ya lura sai ya sunkuyar da kai duka kafin ya ga kwata. A kasuwar Sabon Tasha ya hau kan baron wani mai lemo da bai san da shi ba sai da ya ji ƙara, lemo ya watse har ƙarƙashin motoci, aka taru ana zaginsa ana cewa ya sha ne. Ya tura babur ɗin gida da hannu, ya jingina shi a bayan ɗaki, ya rufa masa leda. Ya koma hawa napep da jaka a cinya. Zare kuwa har lokacin tashi ɗaya yake zura shi, sai dai ya daina ɗaga wa kowa.

Ranar da ya karaya, ba wani abin a zo a gani ne ya faru ba. Yana shagon Malam Isiyaku, ya kwance kan keke, ya ajiye wani ɗan ƙaramin noti a kan tebur. Da ya zo mayarwa ya neme shi ya rasa. Ya bi teburin da ido layi layi, daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai shara. Sai ya ga yatsa. Yatsan Malam Isiyaku ne, yana turo notin a hankali, a hankali, har ya shigo inda idon ke kallo, sannan ya janye da sauri. Sylvanus ya ɗaga kai ya nemo fuskarsa. Tsohon ya riga ya juya yana ta auna wani yadi da ba ya bukatar awo.

Sai ya gane ba yau aka fara ba. Duk watannin nan da yake cewa kayan aikinsa na dawowa hannunsa da kansu, ashe turo masa ake yi. A nan shagon, da sauran shagunan ma wataƙila. Telolin Kaduna ta kudu kaf sun san Injiniya ya makance, shi kaɗai ne bai sani ba.

Ya ɗaure notin. Ya gama aikin. Da zai fita Malam Isiyaku ya riƙo hannunsa.

“Injiniya, don girman Allah ka je a wanke. Ko wanne suka ce, ka ba su.”

Likita Irene ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ta duba tsohuwar takardar gwaji, ta duba sabuwa, ta ajiye su gefe da gefe.

“Leza ba zai riƙe shi ba yanzu, Baba. Tiyata ce kawai, kuma da wuri. Abin da ya rage kaɗan ne, kuma in ya zama kaɗan haka, aikin kansa na iya tafiya da shi. Dole in gaya maka.”

“Ki yi,” ya ce.

Idonsa biyu aka yi aikin, in ana iya faɗin haka ga mai ido ɗaya. Aka yi masa allura a gefen idon, aka rufa masa ƙyalle a fuska, ya ga wani farin haske yana iyo, yana jin ƙarar ƙananan ƙarafa a faranti da muryar likitar tana neman abu a hankali. Ya ji sanda ta fara ɗinki. Ya kama kansa yana son sanin wane irin zare ne, da ko tana jan sa daidai. Daga nan aka naɗe idon da auduga da filasta, hasken ya ɗauke, aka kamo hannunsa aka sa a kafaɗar Edith.

Wunin nan ya ɗanɗana abin da ke jiransa. Aka kai shi gado, aka kai shi bayi, aka sa masa cokali a hannu aka kai hannun bakin kwano. Yana jin Edith na addu'a ƙasa ƙasa da yarensu, tana komawa Hausa, tana komawa yare. Shi ya kwanta rigingine kamar yadda aka ce, bai roƙi komai ba, don bai san me zai roƙa ba. A ba shi abin da yake da shi jiya? Ya ji nauyin faɗar haka ga Ubangiji.

Da aka ɓare filastar hazo ya gani, ya yi makonni yana ganin hazo, ana ɗiga wannan ana ɗiga wancan, wannan karon ba ya musu. A hankali hazon ya janye, 'yar tagar da yake leƙen duniya ta cikinta ta dawo, daidai girmanta na ranar da ya kwanta. Ba ta ƙaru da ko ƙwayar gero ba. Likita Irene ta auna, ta sake aunawa, ta yi ajiyar zuciya, ta yi dariya har da tafi.

“Ruwan ya sauka, Baba! Ƙofar na aiki. Aiki ya yi kyau sosai, mun gode Allah.”

“Mun gode Allah,” ya ce. “Sannu da ƙoƙari.”

Ya miƙe zai tafi, sai ya koma ya zauna.

“Likita. Da na yarda tun wancan zuwan?”

Ta so ta kauce, ya ji a numfashinta. Amma ba mai kaucewa ba ce.

“Da abin da muka tsare ya fi wannan faɗi.”

“Kamar yaya?”

Ta ware hannuwanta biyu a gabansa don ta nuna masa. Ya ga ɗaya. Sai da ya juya kai, ya bi ta kan farar rigar, ya wuce, sannan ya iske ɗayan can yana jira.

“To,” ya ce. Ya ɗauki hularsa.

Labari ya riga su isa Unguwar Boro: an yi wa Injiniya wankin ido, kuma likita da bakinta ta ce aiki ya yi kyau. Ranar Asabar gidan ya cika. Matan zumunta na coci suka zo da waƙa da tulun kiɗa, maƙwabta suka zo, teloli suka zo har daga Unguwar Mu'azu. Aka sa masa kujera a tsakar gida. Hannaye na ɓullowa yana kamawa, muryoyi na cewa barka da arziki, ido ya buɗe, shi yana bin kowace murya da kai har ya samo bakin da ke yin ta. Malam Isiyaku ya zo da ledar ayaba, ya rungume shi, yana dariya yana share hawaye.

“Ka gani ko? Ban gaya maka ba? Ka gani ko, Injiniya?”

“Na gani,” in ji Sylvanus.

Da la'asar kowa ya watse. Yana nan zaune a kujerar, yana jin Edith na motsi a ɗaki, tana buɗe akwati tana rufewa. Edith na wurin sanda likita ta yi bayani, duka zuwan, ta ji komai da kunnenta. Amma ita ma 'yar garin nan ce. A ƙasan ranta ta riƙe cewa abin da aka wanke sai ya ɗan fita, ko yaya, kuma yau mutum hamsin sun gaya mata haka. Ta sa Malam Isiyaku ya ɗinka mata sabuwar atamfa a ɓoye, don godiyar da za su yi a coci gobe.

Ta fito ta tsaya a gabansa, tana ƙamshin sabon yadi.

“Baban Hadassah. Ta yi kyau?”

Ya duba. Ya ga ganye ɗaya, kore, da rabin wani abu ruwan ɗorawa. Ya ɗaga kai ya ga ɗan kunne. Ya sauke ya ga yatsu biyu riƙe da bakin zani.

“Ɗan ja baya,” ya ce.

Ta ja. Ganyen ya zama reshe.

“Ƙara.”

Ta ƙara, tana 'yar dariya, ta ɗauka yanga yake so ta yi masa. Yanzu ya sami wuyanta da kafaɗa ɗaya. Ya gano tun tuni cewa sai abu ya yi nisa yake shiga tagar gaba ɗaya, amma bai taɓa gwada haka da mutum ba. So yake ya gan ta duka, daga ɗankwali har takalmi, a kallo ɗaya, ba guntu guntu yana haɗawa a ka ba. Bai san yana son haka ba sai yanzu, kuma son ya zo masa da ƙarfin da ya ba shi tsoro.

“Ƙara, Maman Hadassah.”

Ta wuce igiyar shanya. Ta wuce randa. Dariyar ta tsaya. Ya sami fuskarta duka, da ɗankwalin, da kafaɗu biyu, har zuwa ƙirji. Fuskar ta gane, yana kallo ta gane.

“Ƙara kaɗan.”

Ba ta motsa ba.

“Kaɗan kawai. Saura kaɗan.”

“Bango ne,” ta ce.

A nan ne baƙin cikin da ya shekara biyu yana jira ya iso. Ya taso masa daga ciki, ya ji kansa yana wani irin sauti da bai taɓa yi ba tun yana yaro. Ya ɗaga hannu zai murje idon.

“Kar ka taɓa!” Edith ta yi ihu daga jikin bangon. “Likita ta ce kar ka taɓa!”

Ya sauke hannun ya ɗora a gwiwa. Ta taho da gudu, tana matsowa tana ɓacewa, kafaɗu suka fita, ɗankwali ya fita, fuska ta fita, har ya rage ganye ɗaya kore, shi ma ruwa ya rufe shi.